Shekarar da Na Karɓe Gonar Kanya

Akwai maganar da kuka tashi kuna ji a gidan nan, wadda ni na shuka ta da bakina, kuma ina so in tuge ta tun ina da sauran idon rubutu. Kai Nura, ke Hadiza, da ku ƙananan, duk kun san cewa Baba Labbo ya so ya cinye mana Gonar Kanya da takardar gwamnati, shi ya sa na karɓe ta daga hannunsa. Ranar Sallar da ta wuce na ji Nura yana ba ɗansa wannan labari a zaure, yana yi da zafi kamar a gabansa aka yi, yaron kuma yana gyaɗa kai. Ran nan tuwo bai wuce mini ba. Ba haka aka yi ba. Labbo bai taɓa neman cin ko taku ɗaya na ƙasarmu ba. Hassada na yi masa, irin wadda ke hana mutum jin daɗin abinci, sannan na nemo mata riga na sa mata don kada a gane ta. Innarku ta sani, ta kuma rufa mini asiri har ta koma ga Allah. Yanzu ba sauran mai faɗa sai ni.

Labbo ɗan Goggo Asabe ne, ƙanwar mahaifina, wato taubashina. Da mijinta ya rasu ta dawo ƙauyenmu, nan gindin duwatsun Kwatarkwashi, da yaro a hannu ba ko akuya, sai Baba ya yanka mata gefen gonarsa da ke bakin rafi, inda tsohuwar kanyar nan take, ya ce ta ci aro. Ta noma, Labbo ya girma ya karɓa, Baba ya rasu gonar ta faɗo cikin rabona, ban kuma ce uffan ba. Sharaɗin aro a wurinmu ɗaya ne: duk kaka mai aro zai kawo dami guda ƙofar mai gona, ba don damin ya ciyar da kowa ba, don dai jama'a su shaida ƙasar ta wane ce. Labbo bai taɓa tsallake shekara ba. Zai zo da damin gero a ka, ya jefar a ƙofar zaurena, ya ce wai ga abincin tsohon malamin da alli ya cinye wa ƙarfi. Tsakanin gonata da tasa kuwa layin gamba ne kawai, in ya yi tari ina ji.

Ku 'yan yanzu kun ɗauki taubasantaka wasan yara ne. Tun muna ƙanana ban taɓa jin sunana a bakin Labbo ba. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, saboda haka a al'ada ni ne ubangida shi ne bawa, kuma da haka muka yi ta kiran juna har furfura ta rufe mu. Ba abin da ba ya gaya mini a tsakiyar kasuwa, daga girman hancina har rowar da yake cewa da ita aka yanke mini cibiya, ni ma ba na raga masa. In watan cika-ciki ya kama, zai zo da hantsi da guntuwar tsintsiya, ya goga ta sau biyu a ƙofar gidana, ƙurar da ya tayar ta fi sharar da ya yi, sannan ya miƙo hannu.

"Ubangida, kuɗɗin shara! In ba ka biya ba in maido ma da dattinka har ɗaka."

"Wanga bawa ba ya da albarka," ni kuma in ce. "Ko kyauta anka ba ni kai, an cuce ni."

Innarku tana ciki tana dariya har da riƙe ciki. A duk duniya mutum ɗaya ne yake iya gaya mini gaskiya in haɗiye, don yana naɗe ta cikin wasa. Ni kuwa kun san ni. Na ƙarar da ƙuruciyata ina koyarwa a firamare, na saba in yi magana a yi shiru, kuma a noma ma ina ganin ba wanda ya kama ƙafata a ƙauyen. Ni ne mai shuka a layi da igiya, ni ne mai sauraron shirin manoma a rediyo. Labbo kuwa manomi ne na in an samu a ci, in ba a samu ba a yi hira. Ina son sa ƙwarai, amma ashe a ƙasa da ni nake son sa, wannan kuma ban san shi ba sai shekarar ruwa.

Daminar ta fara da kyau. Gero ya fitar da kai, dawa ta kai kafaɗa. Sai wata Laraba bayan azahar sama ta buɗe, aka kwana biyu ana yi ba sassauci. Rafin da ke gangarowa daga duwatsu, wanda ake tsallakewa da rani ba a cire takalmi ba, ya cika ya batse ya bi ta kan gonakin bakinsa duka. Da ruwan ya janye muka je ni da Labbo muka tsaya kan layin gamba. Ba gero ba dawa, sai yashi fari fat, wani wurin har gwiwa, da kan kara nan da can. Labbo ne ya fara magana.

"To, ubangida, yau dai an raba muna gado daidai wa daida."

Ni ba mai zama ba ne. Kwana huɗu tsakani na sayar da ragunan nan biyu da nake turka, na shiga Gusau na sayo irin wake mai saurin nuna, na ɗauki shanun huɗa suka juya mini yashin da ƙasa. Ana ta cewa a rediyo gwamnati za ta kawo wa manoma agaji, amma na sha jin irin wannan, ban sa a ka ba. Ranar da nake shuka, Labbo yana zaune gindin kanya ya miƙe ƙafa yana kallona. Can ya ɗaga murya.

"Ubangida, ba ka sam ma bawanka iri ko tiya guda? In yunwa ta kashe ni, wa za ya share ma ƙohwa?"

"Tahi ka roƙi gwamnati, ai an ce tana tahe."

Ya yi dariya, na yi dariya, na ci gaba da shukata. Amma na san da gaske yake. Ba shi da rago, ba shi da fansho, matarsa Kulu kuma ta yi jinyar da ta kwashe ɗan abin da suke da shi. Taubashi ba ya roƙo sai cikin wasa, don in an hana shi kada kowa ya ji kunya. Na fahimci roƙon sarai, na kuma shige bayan wasan na ɓuya, alhali akwai sauran iri a gindin buhu.

Bayan sati uku sai ga farar mota. Masu ƙiyasta ɓarna ne daga ofishin agaji, shugabarsu wata Madam Rifkatu, Kirista ce 'yar kudancin Kaduna da ta daɗe a Gusau, mace mai kamun kai wadda ba ta ɗaga wa tsoho murya. Tsarinsu shi ne kowane manomi ya tsaya cikin gonarsa a ɗauke shi hoto da waya, ɓarnar tana bayansa. Rabin gari ya biyo su, har da ɗalibaina na da, har da surukina mahaifin mijin Hadiza. Da aka iso tawa, wakena ya rufe ƙasa, kore shar, ko ɗigon yashi ba a gani. Wallahi a lokacin daɗi na ji da aka tsaya ana kallo.

"Baba, me ka yi asara a nan?" in ji ta.

"Alhamdu lillahi, mun gode Allah. Ɗan abin da ba a rasa ba dai."

Me kuke so in ce? Magidanci ba ya tsayawa gaban surukinsa ya ce rumbunsa zai kwana wayam. Mai gari ya sa baki ya ce ruwa ya ci gonata kamar ta kowa. Ta tambaya ko ina da hoton lokacin da abin ya faru, na ce ni ba na ɗaukar hoton masifa.

"Na yarda da ku, Baba," ta ce. "Amma hoton ne zai tafi sama, ba ni ba. Bari in ɗauka, in rubuta bayani a ƙasa, mu ga abin da Allah zai yi."

Aka tsallaka gamba. Gonar Kanya tana nan yadda ruwa ya bar ta. Labbo ya cire hula, ya naɗe wando, ya shiga yashi ya ware hannuwa kamar mai shanya zane.

"Ɗauka da kyau, ɗiyata, har da kanya, ita ma ta ga abin da anka yi muna. Ubangida, shigo mu yi tare, ai ƙasarka ta!"

Jama'a suka kwashe da dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Na ce Allah ya kiyaye in shiga hoto da ragon bawa. Ku riƙe wannan: a gaban gari ya ce ƙasata ce, kuma ya kira ni in shiga.

Ruwa ya ɗauke da wuri shekarar. Ɗan furen da waken ya yi tsutsa ta bi ta lashe, abin da na ɗauko bai kai a ba da labari ba. Raguna sun tafi, gero ya tafi, wake ya tafi. Bayan kaka aka ce an manna sunaye a sakatariyar Bungudu, muka tafi mota ɗaya da Labbo. Na bi takardar da yatsa daga sama har ƙasa sau uku, ba ni. Shi kuwa ga shi nan a tsakiya, kuma da yake bai yi boko ba, ni na karanta masa sunansa da bakina. Aka tura musu kuɗi ta waya, aka ba su buhunan taki, waɗanda ke bakin rafi kuma aka haɗa musu da injin ban ruwa don noman rani. A hanyar dawowa yana ta zuba, ni kuma ina kallon taga. Abin da ke yawo a kaina ɗaya ne, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni da na tashi na yi aiki an hukunta ni, wanda ya miƙe ƙafa gindin kanya an saka masa. Da gwamnati ya kamata in yi fushi, ko da girman kaina, amma zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, gwamnati kuma tana nesa, Labbo yana bayan gamba.

Daga nan komai nasa ya zame mini ciwo. Ya cire jinkar ɗakin Kulu ya sa kwano, sai ya zamana in na zauna a zaurena da hantsi ƙyallinsa yana dukan idona, har na sauya wurin shimfiɗa tabarma. Ya kafa injin a bakin rafi ya dasa albasa, ƙarar injin kuma tana isowa har tsakar gidana, tut-tut-tut, tun safe. Kowa yana jin inji, ni ina jin ana yi mini gwalo. Ba ni da aikin komai a gona da rani, amma sai in saɓa fartanya in tafi, in tsaya bayan gamba ina kallon kore a wajensa da busasshen kara a wajena, in dawo da zuciya kamar an zuba mata barkono. In an ce a ƙofar masallaci Labbo mai rabo ne, sai in tashi in ce ina da uzuri. Kulu ta fara aiko mana da miya da nama a ciki, abin da a da mu ke aika musu, ni kuma in ce cikina ba daɗi. Na kai har ina addu'ar injin ya lalace, ni da nake limancin mutane in liman ba ya nan.

Wata la'asar ina zaune da dattawa a ƙofar gida sai ga shi ya turo baro da buhun taki a kai. Ya juye shi daidai inda ya saba jefar da dami.

"Bana ba dami, ubangida, ruwa sun ci. Ga wanga madadin shi. Kuma in kana so mu ja tiyo har wajenka, ka dasa albasa kai ma. Bana dai bawa shi ka ciyar da ubangida!"

Dattawa suka yi dariya. Maganar ba ta fi waɗanda ya saba yi mini zafi ba, ta ma fi su sauƙi, ga alheri a cikinta. Amma wasa yana daɗi ne in ƙarya ne, wannan kuwa gaskiya ce.

"Ɗauke kayanka," na ce. "Ban kai ga cin sadaka ba tukuna."

Ya ɗauka cikin wasan ne, ya tura baronsa ya tafi yana waƙa. Da mutane suka watse na ɗora buhun kan kekena, na tura shi da kaina ina haki har ƙofar gidansa, na jingine na juyo. Ina shiga gida na tarar da Innarku tsaye bakin murhu, ta ga komai ta kan danga.

"Malam, wagga hassada ta. Ka kira ta da sunanta, ko ta sake ka."

"Ke mi kika sani cikin sha'anin maza?"

"Na san mutumin da ba ya cin miyar Kulu, amma shina buɗe kwanon shi ƙirga tsoka."

Ban kula ta ba kwana biyu. A na ukun na sa babbar riga na shiga Gusau, na nemi ofishin agajin, wai zan kai koke. Madam Rifkatu ta gane ni, ta ba ni kujera. Ta ce bayanin da ta rubuta bai karɓu ba saboda hoton, ta ba ni haƙuri, ta ce in an sake buɗe rajista za ta sa ni a gaba. Ba a sake buɗewa ba, amma ba laifinta ba ne. Sai na yi tambayar da ta kawo ni. Na ce takardar da Labbo ya dangwala wa hannu, ashe ba ta mayar da gonar tasa ba ke nan a wurin hukuma?

"A'a, Baba, wannan ba takardar fili ba ce. Wanda ya noma ya yi asara kawai take nunawa. Tsaya ma ka gani."

Ta binciko ta cikin fayil ta ajiye a gabana. Akwai layin da aka tambaya gonar ta wane ce. An rubuta aro ce, an kuma rubuta sunana cikakke, Malam Isa, har da sunan mahaifina. Ta ce shi ya faɗa, ya ma sa ta maimaita masa don kada a yi kuskure. Na karanta da idona, da tabarau. Wani mutumin da nan zai ji kunya ya koma gida ya nemi tiyo. Ni abin da na ji shi ne haushi, don ko a nan ma ya fi ni. Kafin motar da na shiga ta sauke ni a bakin titi na gama ɗinka ƙaryata.

Washegari na je wurin mai gari na ce na shiga Gusau na bincika, an tabbatar mini duk wanda aka ɗauka hoto a gona ya dangwala hannu, gonar ta zama tasa a littafin gwamnati. Na ce ba don kaina nake ji ba, don 'ya'yana ne. Da sunanku na yi, Nura. Mai gari tsoho ne, bai yi boko ba, kuma in malamin makaranta ya ce ya karanta, wa zai ja? Aka kira Labbo. Ya shigo yana murmushi da laka a ƙafa, ya ɗauka wata tsokanar ce na shirya masa. Da ya ji zancen sai ya gyara zama.

"Ranka shi daɗe, ni na gaya masu aro ta. Na ba su sunan shi da na Kawu."

"Ka iya karatu ne," na ce, "da za ka san abin da anka rubuta?"

Mai gari ya yi ta ba ni baki, ya tuna mini Baba, ya tuna mini Goggo Asabe, na ce ni dai ƙasata nake so. Daga ƙarshe ya ce mai abu da abinsa, amma ba a tada mai aro da shuka a ƙasa, sai an cire albasa. Labbo kuwa kallona yake yi, ya daɗe yana yi, kuma na san abin da yake jira: in fashe da dariya in ce na kama bawa yau. Da na yi hakan da an tashi lafiya, da ma ya ba da labarin a kasuwa da kansa. Na kawar da kai. Sai ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"To, Malam Isa. Allah shi saka da alheri bisa aron da anka yi muna, ni da uwata."

Ran nan na fara jin sunana a bakinsa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya cire albasarsa, ya aiko mini da kwando guda ta hannun Kulu, don kada a ce shekarar ƙarshe bai kawo shaida ba. Inji ba ya amfani ga wanda ba shi da bakin ruwa, ya sayar. Kafin ruwan fari ya sa wa ɗakin kwanon nan kwaɗo, suka koma Tsafe wurin dangin Kulu. Gonakin da aka nuna masa a can suna nesa da gari, ba sa shiguwa saboda halin rashin tsaro da ake ciki, sai ya koma ɗinkin buhu a kasuwar hatsi, mutumin da tun tasowarsa bai san wata sana'a ba sai fartanya. Ku kuma da kuka zo hutu kuka tambaya, na ba ku labarin takardar gwamnati, kuka hau kuka zauna, kuka daina gaisawa da ɗansa Bello da ƙannensa. Ana cewa hassada ga mai rabo taki ce. Tawa ba ta zame wa Labbo taki ba, gona ta raba shi da ita. Watan cika-ciki ya kama, na zauna a zaure tun hantsi da canji a aljihu, ina ce wa kaina iska nake sha. Har azahar ba wanda ya zo. Innarku ta fito da tsintsiya ta share ƙofar tas, ba ta dube ni ba, ta koma ciki.

Na noma Gonar Kanya, ta kuma yi albarka, don ƙasa ba ruwanta da halin mai ita. Sai dai ban taɓa iya zama gindin kanyar in huta ba, a rana nake cin abincina. A shekara ta uku, da cika-ciki ya sake zagayowa, na ce wa Innarku zan je Tsafe duba farashin dawa. Ta ce in gaishe da farashin. Na same shi a rumfa yana ɗinki da basilla, ya rame, idonsa ɗaya ya fara hazo. Ya tashi da sauri ya karɓi jakata, ya kai ni gida, ya shimfiɗa mini sabuwar tabarma, ya sa aka yanka kaza. Sannu da zuwa Malam, ina gajiya Malam, yaya mutanen gida Malam. Irin karɓar da ake yi wa baƙon da ake jin nauyinsa. Na ci kazar kamar ina tauna tsumma. Da muka rage mu biyu na yi ta maza na jefa masa.

"Wai ina bawan nan nawa? Ƙohwata ta yi datti."

Ya yi ɗan murmushi, ya gyara mini butar alwala kusa da ƙafata.

"Bayi duka na Allah na, Malam."

Maganar tana bakina. Kalma kaɗan ce: na ga takardar, na yi ma ƙarya, ka yafe mini, ka koma gonarka. Na buɗe baki sai na ji ina tambayarsa nawa ake sayar da dawa. Ya gaya mini. Kuɗin sharar da na riƙo na miƙa wa Kulu na ce a yi cefane. Da rani ya zagayo aka bugo waya cewa Labbo ya rasu, ciwon kwana uku. Na je na yi masa sallah a sahun gaba, mutane suna yi mini gaisuwa suna cewa Allah ya ba ni haƙurin rashin abokin wasa.

To, kun ji yadda aka yi. Na riga na kira mai garin yanzu da shaidu biyu na gaya musu da bakina, ba daɗi amma na faɗa. Gonar Kanya ta Bello ce da ƙannensa, kyauta ba aro ba, ba dami ba komai, kuma kada wanda ya tada zancenta ranar rabon gadona. In sun ga dama su noma, in sun ga dama su sayar. Ƙafata ba ta kai ni Tsafe yanzu, saboda haka Nura kai za ka je, tunda kai ka fi kowa yaɗa maganar. Ka tara su, har da Kulu in tana iya zama, ka karanta musu wannan daga farko har ƙarshe, kada ka tsallake wurin miya don ka rufa mini asiri.

In ka gama, kada ka tsaya ladabi. Wasan nan gado ne, kuna da shi a kansu suna da shi a kanku, ni na yanke muku. Ka dubi Bello ka ce masa ƙofar gidanmu ta yi datti, shekara da shekaru ba bawan da ya zo ya share. In ya sunkuyar da kai ya ce maka to, Malam Nura, ka dawo ka gaya mini a hankali, zan san matsayina. In kuwa ya ɗago ya ce hancinka ya fi na ubanka girma, ka bugo waya nan take, ko barci nake yi a tashe ni.